Shawarwarin da aka tsinta daga rayuwar Conrad Hilton

An yi wata tattaunawa da ta fi karkata kan abin da tsohon soja mai son shiga harkar otal zai ɗauka daga Conrad Hilton, Ba'amurken da ya kafa otal-otal ɗin Hilton, wanda ya yi aikin soja a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce mutum ya bi inda buƙata take. A 1919 banki Hilton ya je saye a garin Cisco na jihar Texas, cinikin ya watse. Sai ya tarar da otal ɗin Mobley cike maƙil da ma'aikatan haƙar mai, har ɗaki ɗaya ana ba da hayarsa sau uku a rana. Otal ɗin ya saya, ya kuma mayar da ɗakin cin abinci ɗakunan kwana. A ganina wannan ya fi komai amfani a cikin abin da aka faɗa.

Kan bashi ne aka ja daga. Wasu suka ce ba don rance ba da bai kai ga otal ɗin Waldorf Astoria na birnin New York a 1949 ba, balle otal-otal ɗin Statler da ya saya dala miliyan 111 a 1954. Wasu suka tuna cewa karayar tattalin arzikin shekarun 1930 ta ƙwace masa otal da dama, ya sha da ƙyar.

Batun horon soja kuwa an taɓo shi sama-sama, cewa ya taimaka masa wajen haɗa kan ma'aikata. Da ya rasu a 1979, yawancin dukiyarsa gidauniyar agaji da ya kafa a 1944 ya bar wa.