Ruwan giya ko man giya? A yanke mana sunan man giyabos

1/ Jama'a, ku zo mu kashe wata magana. Ƙanena yana rubuta wa yaran garejinsu ɗan littafin kula da mota da Hausa. Da ya zo kan "transmission fluid" sai ya rubuta "ruwan giya". Yana karanta wa ogansu, ogan ya ajiye sifana yana dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Kai yaro, Hisba za ka jawo mana?"

2/ Kalmar "ruwa" dai ta faɗi tun a nan. Mu ba ma kiran abu mai maiƙo ruwa. Ruwan batir muke da shi, da ruwan lagireto. Sauran duk mai ne: baƙin mai, man birki, man sitiyari. Saura biyu ke nan a fili, "man giya" da "man giyabos".

3/ A bakin bakanike "man giya" ya riga ya zauna, ba mai tayar da shi. Amma a rubuce giyar mota da giyar sha harafinsu ɗaya, don haka a littafi ni "man giyabos" na fi so. Ya faɗi inda man yake shiga, kuma a nan gizo ke saƙa.

4/ Wani ya kawo shawarar a raba su da launi: na otomatik "jan mai", na mota mai kuloci "mai kauri". Da farko ta burge ni. Sai na tuna tsofaffin motoci ba su yarda da wannan rabon ba. Fijo 504, wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna, baƙin mai na inji ake zuba wa giyabos ɗinta. Tsohuwar Marsandi W123 mai kuloci kuwa jan man nan na otomatik take sha. Wasu da dama mai lamba 75W-90 ko 80W-90 suke so, mai kaurin nan mai warin ƙibiritu da ba ya fita daga riga ko an wanke sau uku. To idan ka sa masa suna daga launi ko kauri, yaro zai ɗauka duk giyabos abu ɗaya take ci. Ko cikin mai kaurin ma akwai iri-iri, kamar mai lamba GL-4 da mai GL-5, kuma na biyun yakan ci zobban tagullan da ke daidaita shigar giya a wasu tsofaffin motoci. Sunan ya nuna wuri kawai, irin man kuma a duba littafin motar.

5/ Yanzu ga inda na fi neman taimakonku. Yawancin waɗannan motocin ba su da geji da za ka zaro ka duba kamar na inji. Noti biyu ne a jikin giyabos, ɗaya a gefe, ɗaya a ƙasa. A gareji duka "noti" ake ce musu, a nuna da yatsa. Littafi kuwa ba shi da yatsa.

Na ƙasa ban sha wahala ba: "notin juye", tunda da ma juye muke cewa in za a canza mai. Na gefen ne ya tsaya mini. Ta nan ake zuba mai, ta nan kuma ake auna shi. Ka tsayar da motar a kan rami ko wuri mai daidai, kada gaba ya ɗaga baya ya sauka, ka kwance notin, ka zura ɗan yatsa ka lanƙwasa ƙasa. In ka taɓo mai dab da bakin ramin, lafiya lau. In yatsa ya fito a bushe, ka sa tiyo ko sirinji babba ka yi ta ɗurawa har sai ya fara tsiyayowa ta bakin, ka bari ya tsaya, ka ɗaure.

6/ Shi ya sa nake juyayi tsakanin "notin ciko" da "notin geji". Na fi karkata ga na farko, saboda wanda ya ji "geji" zai tsaya neman sanda mai zane.

7/ Kuma na ce wa ƙanen nawa ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa notin ciko ake fara kwancewa. Ni ya taɓa faruwa da ni. Wani yaro ya kwance na ƙasa, mai ya tsiyaye tas a cikin tasa, aka zo na gefe ya cije, sifana ta cinye masa kai. Motar ta kwana biyu a kan rami, sai da aka kira mai walda ya liƙa wani noti a kai kafin ya motsa.

8/ Abin da zai shiga littafin ke nan in ba a samu wanda ya fi ba: man giyabos, notin ciko, notin juye. Iyayenmu bakanikai na Kano da Kaduna, da 'yan'uwa na Maraɗi da Damagaram da kuka koyi aikin da Faransanci, me kuke ce wa notin gefen nan idan kuna aiken yaro daga nesa?