Baba na fama da zafin ƙafa saboda suga, mu ba shi maganin China?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Baba ya daɗe da ciwon suga, metformin yake sha. Yanzu tafin ƙafarsa raɗaɗi yake kamar ya taka garwashi, musamman da daddare, yatsun kuma sun mace, har silifas ke zame masa bai sani ba. Yayana mai saro kaya a Guangzhou ya kawo masa wasu ƙananan ƙwayoyi, Xiaoke Wan, da garin saiwoyi da aka ce akwai huangqi da danshen a ciki. Mu fara ba shi?

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Ku dakata da ƙwayoyin nan. Xiaoke Wan ba ganye zalla ba ne, akwai glibenclamide a ciki, maganin asibiti mai sauke suga da ƙarfi. Dattijo ya haɗa da nasa, ya kwanta bai ci tuwon dare ba, sai a tarar da shi yana zufa da makyarkyata, ko ma ya suma. Danshen kuwa yana ƙara tsinka jinin mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa.

Malama Binta:
Amma kada a kushe maganin gargajiyar China baki ɗaya. Haɗin Huangqi Guizhi Wuwu tun zamanin likita Zhang Zhongjing yake, kimanin shekara 1800 da suka wuce, kuma don mutuwar gaɓoɓi aka yi shi: huangqi, reshen kirfa, saiwar baishao, citta da magaryar China. Masu bincike a can na cewa yana rage gurɓatattun sinadaran da yawan suga ke haifarwa, masu cinye jijiya a hankali. Sai dai yawancin gwajin a kan ɓeraye ne ko mutane kaɗan. Kuma can likita ne ke auna wa kowa nasa, ba gari a leda ba.

Kawu Isa:
Ni ƙodarsa nake ji. A farkon shekarun 1990 mata sama da 100 a Beljiyam sun samu ciwon ƙoda saboda maganin rage ƙiba da aka cakuɗa da saiwar Aristolochia, wani tsiro na maganin China mai lalata ƙoda. A auna ƙodar Baba tukun. A duba masa bitamin B12 ma, daɗewa kan metformin na rage shi, ƙarancinsa kuma yana kashe ƙafa.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai. Ba ya shan warfarin, asfirin ne kullum.

Abban Sadiq:
Shi ma ki faɗa wa likitansa, ki tafi da kwalin da ledar garin. Yau kafin ya kwanta ki haska tocila tsakanin yatsunsa, in kin ga ciwo ko tsaguwa kada ku jira ranar asibitinsa.