Masu tada VM da Terraform da Ansible, ina kuka yi tuntuɓe?

Abu Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. A wurin aikinmu mun bar VMware, manhajar da muke tada VM a kai (wato kwamfutocin manhaja da ke zaune cikin sabar guda), bayan kamfanin Broadcom ya saye shi a ƙarshen 2023 ya daina sayar da lasisin dindindin, ga kuɗin haya da dala. Mun koma Proxmox, mai yin irin wannan aikin. Yanzu oga ya ce a daina tada VM da hannu, so yake a danna abu ɗaya a samu ashirin. Yadda na fahimta, Terraform ke gina injin, cloud-init ya ba shi suna da makulli, Ansible ya zuba masa manhajoji. A takarda dai lafiya lau. Wanda ya taɓa yi da gaske ya ba mu labari.

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam. Ni samfurin da ake kwafa ne ya kwana da ni a ofis. Na gyara Ubuntu 22.04 tsaf, na mayar da shi samfuri, na fitar da VM goma sha biyu. Duk suka tashi, na fara murna. Ina dubawa sai na ga lambar IP ɗaya suka samu gaba ɗayansu. Ka shiga wannan ta SSH, hanyar shiga inji daga nesa, bayan minti biyu ka tsinci kanka a cikin wancan. Na zargi DHCP mai raba lambobin IP, na zargi yaron da ya ja wayoyi, har faɗa na yi masa, Allah ya yafe min. Lambobin MAC na katin sadarwa kuwa kowa da tasa, abin da ya ƙara ruɗa ni ke nan.

Ashe fayil ɗin `/etc/machine-id` ne. Da shi Ubuntu ke gabatar da kansa wurin neman IP, ni kuma na kwafe shi sau goma sha biyu, sai DHCP ya ɗauka mutum ɗaya ne ke ta dawowa. Kafin ka rufe samfuri ka kwashe abin da ke cikin fayil ɗin ka bar shi fanko, ka goge makullan `ssh_host`, ka yi `cloud-init clean`. Sai kusan asuba na gano.

Maman Sadik: Malam Ɗan Zazzau, taka da sauƙi, barci kawai ka rasa. Ni suna na canza wa samfuri ranar Alhamis da yamma ina saurin ɗauko yara daga Islamiyya. `terraform apply` ya rubuto min ƙarara cewa zai rushe ɗaya ya gina ɗaya. Ban karanta ba, na rubuta yes. Wanda ya rushe ɗin shi ke riƙe da bayanan ma'aikata. Ajiyar bayanan da aka yi a daren da ya gabata ce ta cece ni, amma aikin yini guda ya tafi. Tun daga ranar duk injin da ke riƙe da bayanai sai na sa masa `prevent_destroy` don kada a rushe shi.

Sannan kundin da Terraform ke tuna abin da ya gina, kada ka bar shi a kwamfutar mutum ɗaya. Kada kuma ka tura shi GitHub, domin kalmomin sirri a fili suke zaune a ciki.

Injiniya Bako: Biyu ne nawa. Ansible yakan riga cloud-init gama aiki, sai su yi karo a kan apt mai zuba manhajoji a Ubuntu, wasu injuna su wuce wasu su faɗi, kai kuma kana ta neman dalili. Ka sa `cloud-init status --wait` a farko. Na biyu, YAML, tsarin da ake rubuta fayilolin Ansible da shi, ba ya shiri da maɓallin Tab.

Ɗan Zazzau: Injiniya, wannan na Tab ɗin ai kowa ya sha.

Baba Tsoho: Yarana, ba wanda ya ambaci intanet. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen Kwaddibuwa, ina da injuna huɗu da zan miƙa. Sabarmu tana ɗakin da ke kusa da ni, wuta akwai, amma komai ya tsaya, saboda kowane VM sai ya fita waje ya ɗebo manhajojinsa. Bayan nan muka kafa apt-cacher-ng a cikin gida don ya riƙa ajiye manhajojin da aka sauke, muka kuma koma toya manhajojin cikin samfuri da Packer. Ko ba yankewar waya, data ta ragu sosai.

Kuma ku duba ko kun sa injunan su tashi da kansu in sabar ta kunnu. An ɗauke wuta, inbata ta mutu, janareta ya tashi, sabar ta dawo, VM ko ɗaya bai motsa ba. Layi ɗaya na manta.

Abu Hanif: Allah ya saka da alheri. Baba, to Terraform zan fara ko OpenTofu? Na ji an raba gari tun da HashiCorp, kamfanin da ya yi Terraform, ya canza lasisi a 2023, wasu suka ɓalle da OpenTofu.

Baba Tsoho: A aikinka na cikin gida duk wanda ka ɗauka zai yi, rubutunsu kusan ɗaya ne. Ni OpenTofu nake amfani da shi.

Maman Sadik: Ƙanena, ka ce wa oga ashirin ɗin sai wani mako. Ka tada biyu tukuna, ka duba IP ɗinsu.