Neman shawara: sunayen sinadaran kabon sun tsaya mini a wuya

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗaliba ce ni a aji shida na sakandare, WAEC da JAMB na gabana. Sauran sassan kemistiri ina iya bakin ƙoƙarina, amma sanya wa sinadaran kabon suna ya gagare ni. A gwajin da muka yi an ba mu CH3CH(C2H5)CH2CH3, na rubuta 2-ethylbutane, malam ya soke ya rubuta 3-methylpentane. Ni dai kabon huɗu nake gani a jere. Daga ina na biyar ya fito? Sannan alkanol, alkanal, alkanone duk sun cakuɗe mini. Shin haddacewa zan yi, ko akwai wata hanya? Don Allah ku taimaka.

Wani malamin kemistiri daga Zariya:
Wa alaikumus salam 'yata. Malaminki yana da gaskiya, kuma za ki gani da idonki idan kika ɗauki biro yanzu. Wannan C2H5, wato ethyl, da aka cusa cikin baka kabon biyu ne. Zana shi a buɗe, kowane kabon da layinsa. Sa yatsa a ƙarshen C2H5 ɗin, ki ƙirga ɗaya, biyu, ki shigo kabon na tsakiya uku, ki wuce huɗu, biyar. Ga sarƙa mai kabon biyar. Abin da ya rage a gefe CH3 ne guda, wato methyl, yana rataye a kabon na uku. Shi ya sa 3-methylpentane.

Ƙa'idar farko ta IUPAC, ƙungiyar masana kemistiri ta duniya mai tsara sunayen sinadarai, ita ce a nemo sarƙar da ta fi tsawo, ba wadda aka rubuta a miƙe ba. Sarƙa na iya lanƙwasawa sama ko ƙasa a kan takarda, kuma masu tsara tambaya sun san ɗalibi yana bin layin da ya miƙe, don haka da gangan suke ɓoye ta. Kada ki sanya suna sai kin zana.

Abin haddacewa kaɗan ne: meth, eth, prop, but, pent, hex, hept, oct, non, dec, wato kabon 1 zuwa 10. Bayan kin samo sarƙa, sai ki ba kabon lambobi daga ɓangaren da zai sa rassa su sami ƙananan lambobi. Misali 2,2,4-trimethylpentane, wanda ake auna ingancin fetur da shi aka ba shi maki 100. In kin ƙirgo daga ɗaya ɓangaren 2,4,4 za ki samu. A kwatanta su lamba da lamba: na farko duk 2 ne, na biyu 2 da 4, to 2,2,4 ya yi nasara. Idan rassan iri daban-daban ne, a jera su bisa haruffa, ethyl kafin methyl, kuma ba a kula da di da tri, masu nuna reshe iri ɗaya biyu ko uku, wajen jerin. Waƙafi tsakanin lamba da lamba, karan ɗori tsakanin lamba da harafi. Na sha ganin yara sun gane komai amma sun zubar da maki a kan waƙafi, abin yana yi mini ciwo ƙwarai.

Wata ɗalibar haɗa magunguna:
Ƙanwata, bari in taɓa ɗaya matsalar. Ki daina kallon sunan dangi, ki kalli inda oksijin ya zauna. In kin ga OH a jikin kabon, alkanol ne, sunan ya ƙare da -ol. In kin ga kabon ya riƙe oksijin da haɗi biyu, sai ki tambaya: a ina? A bakin sarƙa, tare da haidurojin, wato CHO, alkanal ne, -al. A tsakiya, da kabon dama da hagu, alkanone ne, -one. COOH kuwa alkanoic acid. Propanal da propanone duk C3H6O ne, mazaunin oksijin kaɗai ya raba su, amma a ɗakin gwaji propanal yana juya ruwan Fehling ya ba da jan gari, propanone ba ya yi. Wannan tambaya tana yawan zuwa.

Kuma abubuwan nan a gidanku suke. Ethanoic acid shi ne tsamin ruwan khal. Propanone shi ake goge jan farce da shi. Gas ɗin girki propane ne da butane. Ethyne shi masu walda ke samu idan sun zuba wa kabayid ruwa. Tun da na fara haɗa kowane dangi da wani abu da na sani, ban sake rikita su ba.

Wani ɗan uwa daga Katsina:
Ni dai a ganina lokaci ya ƙure. Ki samo tambayoyin JAMB na shekarun baya ki haddace amsoshin, ai maimaitawa suke yi.

Malamin:
Ɗan uwa, tambayoyin baya suna da amfani, ta yi su da yawa ma, amma a kan haddace amsa ban yarda da kai ba. A matsar da CH3 guda daga kabon na biyu zuwa na uku, amsar da ta haddace ta tashi a banza. C4H10 siffa biyu gare shi, C5H12 uku, C6H14 biyar, C10H22 kuwa 75. Wa zai haddace wannan? Dalilin da ya sa masana suka zauna a Geneva a 1892 suka fara tsara ƙa'idoji kenan, don tsoffin sunaye ba sa gaya wa kowa yadda sinadari yake. Sunan IUPAC kuwa umarnin zane ne: wanda ya karanta shi a ko'ina cikin duniya siffa ɗaya zai zana. 'Yata, ki riƙa yin aikin ta fuska biyu, daga zane zuwa suna, daga suna zuwa zane, kuma kowane kabon ki ƙirga masa hannu huɗu, kar ya ragu kar ya ƙaru.

Gwada waɗannan: CH3CH(CH3)CH2CH(C2H5)CH2CH3, da CH3CH(OH)CH2CH(CH3)CH3.

Ɗalibar haɗa magunguna:
Ƙari ɗaya. Za ki ga 2-butene a tsohon littafi, but-2-ene a sabo. Abu ɗaya ne, an dai matso da lambar kusa da abin da take nunawa. Ki saba da sabon salon. In kuma zane bai ishe ki ba, ki murza ƙullu ki soka tsinken ashana, ki gina butane da 2-methylpropane ki riƙe su a hannu.

Mai tambaya:
Allah Ya saka muku da alheri. Malam, na zana. Na farko sarƙar da ta fi tsawo mai kabon shida ce, na samu 4-ethyl-2-methylhexane. Na biyu kuwa ta kowane ɓangare 2 da 4 nake samu. Wanne zan ɗauka?

Malamin:
Madalla, na farko daidai ne, har jerin haruffan kin kiyaye. A na biyu OH ke da fifiko a kan reshe, domin shi ya ba sinadarin danginsa, don haka shi za a ba ƙaramar lamba: 4-methylpentan-2-ol. Haka za ki yi wa haɗi biyu na alkene da haɗi uku na alkyne idan suka haɗu da reshen methyl ko ethyl. A CHO da COOH kuwa kabon ɗinsu shi ne na ɗaya kai tsaye, kuma yana cikin ƙirgen sarƙa, kada ki tsallake shi. Gobe ki zana duk siffofi biyar na C6H14 da sunayensu ki turo mana mu duba.