Yadda za ka shiga "The Epic" na Kamasi Washington

Mun yi doguwar hira da wasu abokai masu son kiɗan jaz kan yadda baƙon kunne zai tunkari kundin "The Epic", wanda mai busa saksafon Kamasi Washington, ɗan birnin Los Anjeles a Amurka, ya fitar a 2015 ƙarƙashin kamfanin Brainfeeder. Ga abin da na tsinta.

Kusan kowa ya ce kada ka haɗiye shi a zama ɗaya. Faifai 3 ne, kiɗa 17, ya kusa awa uku. Faifai ɗaya a dare ɗaya ya wadatar, kuma da abin sawa a kunne, domin lasifikar waya tana cinye ƙasan sautin.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun ganguna. Makaɗa biyu ne, Tony Austin da Ronald Bruner Jr., suna kiɗa lokaci guda. Wani ya ce a sauraron farko ka ƙyale busar, ka bi su kawai, ka ji yadda ɗaya ke riƙe tafiyar ɗayan yana yi mata ado. Na gwada, wallahi sai da na ji tsigar jikina ta tashi lokacin da saksafon ya shigo a kansu da ƙarfi, kamar muryar mutum ta dushe.

An yi saɓani kan mafari. Wasu sun ce "Change of the Guard", tunda da shi aka buɗe. Ni dai ina tare da masu cewa wanda bai saba da kiɗa zalla ba ya fara da "The Rhythm Changes", inda muryar Patrice Quinn za ta riƙe masa hannu.