Neman shawara: In sare itatuwan gonata ko in bar su?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma. Ƙasar gonata ta gaji, ta yi fari fat, ko na zuba takin zamani ba ta riƙewa. A cikinta akwai gawo 'yan ƙwarori, da babbar ɗorawa, da kututturan sabara da kalgo masu tofowa duk shekara. Yayana ya dage in share su duka, wai inuwa ce ke cinye mini gero, in ya so in dasa turare a kan iyaka. Zuciyata ba ta kwanta da shawarar ba, shi ya sa na kawo gabanku.

Malamin gona: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, don Allah kada gatari ya taɓa gawon nan. Halinsa daban ne da na sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Lokacin da geronka ke bukatar rana babu inuwar da za ta tare shi, ganyen da ya zube kuma ya ruɓe ya zama taki. A saiwarsa akwai ƙananan halittu masu kamo sinadarin naitirojin daga iska, wanda shi ne dai kake saye a buhun yuriya. Saiwar tana nutsewa can ƙasa ta jawo abincin da ruwa ya gangarar, inda ta gero ba ta kaiwa. Ga dabbobi da ke taruwa a gindinsa da rani suna cin 'ya'yansa suna barin kashi. Gwada da kanka: tona ƙasa a gindin gawo, ka tona a tsakiyar fili, ka damƙa kowacce a hannu. Ta gindin za ka ga ta fi duhu, tana dunƙulewa, ɗayar kuwa zubewa za ta yi ta tsakanin yatsunka. Manoman masara a Malawi da Zambiya dasa shi suke yi da gangan.

Wata 'yar'uwa: Malam ya gama magana kan gawo, bari in tsaya kan kututturan. Tsiron da kake sassabewa duk shekara itace ne mai tsohuwar saiwa da ranta a ƙasa. Abin da Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya lura da shi ke nan a yankin Maraɗi a 1983, bayan dashe ya yi ta mutuwa. Ka zaɓi rassa kaɗan mafiya ƙarfi a kowane kututture, ka datse sauran, ka tsare su daga awaki da wuta. Sassabin zamani ake ce masa. Da wannan dabara manoman Nijar suka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Amfanin farko da za ka gani, iskar farkon damina za ta rage binne maka shuka da yashi. A Senegal ma masu bincike sun gano sabara tana jawo danshi daga ƙasa da dare, geron da ke kusa da ita ya samu.

Wani dattijo: Yaro, kada a sa ka raina maganar yayanka, yana da gaskiyarsa. Ɗorawa inuwarta kauri gare ta, kuma da damina take da ganye. Geron gindinta sai tsawo, zangarniya 'yar firit. Tsuntsaye kuma a kanta suke sauka in hatsi ya fara ido, garma tana sarƙewa da saiwa. Ban ce ka sare ta ba, 'ya'yanta suna biyan abin da ta ci. Rage mata rassan ƙasa kafin ruwa ya sauka, rana ta samu shiga.

Wani mamba: Turaren ne ban yarda da shi ba sam. Shan ruwa gare shi, saiwarsa tana bazuwa cikin gona, ganyensa ba ya ruɓewa da wuri. Kunyoyin da ke kusa da shi su za su fara yaushi in aka yi fari, har da na maƙwabcinka, ka ga rigima ta samu.

Mai tambaya: Allah Ya saka muku da alheri. Baba, na ji gyaranka. To Malam, in na bar itatuwan, in daina sa taki ke nan?

Malamin gona: A'a, ci gaba da sawa, musamman takin gargajiya. Itace ba ya gyara ƙasa a damina guda, gawo ma sai ya ɗauki shekaru kafin aikinsa ya fito sosai. Abin da ganye da saiwa ke yi shi ne su sa ƙasar ta riƙe ruwa da takin da ka zuba. Ware ɓangare guda ka fara sassabin a nan, ka bar tazara yadda garma za ta wuce, rassan da ka datse ka shimfiɗa su a ƙasa kada ka ƙona. Da kaka ka ƙirga dammunan kowane ɓangare daban, kai da yayan naka tare.