Neman iyayen kakanmu ɗan Scotland a kundin coci

Mazaunin Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Kakan matata Bature ne ɗan Scotland da ya yi aikin jirgin ƙasa a nan Zariya zamanin Turawa. Mun bi asalinsa har zuwa nasa kakan, wanda aka haifa kafin 1855, amma daga nan hanya ta ɓace mana. Ina za mu samo sunayen iyayen wannan kakan nasa?

Malama daga Samaru:
Wa alaikumus salam, Malam. Sai a 1855 gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Scotland, saboda haka abin da ya gabaci wannan shekara yana cikin kundayen coci, waɗanda hukumar adana tarihi ta ƙasar da ke Edinburgh ta ɗora a shafin ScotlandsPeople. Shawarata ita ce ku fara da takardar mutuwarsa, domin idan ya rasu a can bayan 1855, galibi tana ɗauke da sunan mahaifinsa da na mahaifiyarsa, har da sunan gidansu kafin ta yi aure.

Dattijo daga unguwar Kongo, Zariya:
Gaskiyar Malama, sai dai a yi hattara. A 1843 jama'a da yawa suka ɓalle daga babbar cocin ƙasar suka kafa tasu, kuma baftismar 'ya'yansu sau da yawa ba ta shiga tsohon kundin ba. Ku lura da sunaye ma, domin a al'adarsu ɗan fari yakan ci sunan kakansa na wajen uba.

Mazaunin Tudun Wada:
Na gode, Baba. Takardar mutuwar zan fara nema.